Waɗanda kujerarsu ta zama babu kowa: yadda aikin ziyararmu yake tafiya

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Na fara rubuta wannan ne dan kar mu manta inda muka faro, kuma dan sakatarenmu ya ce shi ba zai iya ba, to ni na ɗauka. Abin ya samo asali ne daga kujera ɗaya. Akwai wani Baba da yake zama layi na uku ta gefen taga tun ina yaro, shi ne mai fara amin kafin fasto ya rufe baki, yau sati uku kenan na waiga na ga ba ya nan, na tambayi wani dattijo bayan sujada sai ya ce min ai wata biyar kenan da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Wata biyar fa! Ina shiga ina fita kowace Lahadi ban ma lura ba. Kunya ta kama ni sosai, kuma da na tambaya sai na gane ba ni kaɗai ba ne, kowa yana zaton wani ya je.

Yau mun zauna mu shida bayan sujada muka rubuta sunayen waɗanda suka daina zuwa ba dan sun canja coci ba, sai dan ciwo ko tsufa ko rashi da aka yi musu. Mun samu 19. Na karanta Matiyu 25:36 inda Yesu ya lissafa duba mara lafiya cikin abubuwan da aka yi masa shi kansa, muka ce za mu riƙa tafiya biyu-biyu kamar yadda ya aiki almajiransa sha biyu a Markus 6:7, duk Asabar. Ni na tsara firogiram ɗin: waƙa biyu, aya, gajeren wa'azi na minti biyar, addu'a, a tashi. Minti 30 kowane gida, gida uku a rana. Na ji daɗin tsarin nan sosai har na tura a guruf ɗin WhatsApp da muka buɗe.

Asabar, 12 ga Oktoba

Kai. Ban san ta ina zan fara ba.

Gidan farko wata Mama ce da ɗanta ya rasu farkon shekarar nan, saurayi ne, shi kaɗai namiji. Mun shiga da fara'armu ni da wani ƙanina a cikin Ubangiji da yake kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, muka gaisa, ba mu ma tsaya mun ji yadda take ba muka ɗauki waƙa, irin mai tafi ɗin nan, ita kuwa tana zaune hannu a cinya tana kallon ƙasa. Na buɗe Filibiyawa 4:4 na ce Mama Littafi ya ce mu yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, har na ƙara da cewa Bulus ma yana ɗaure ya rubuta wannan. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce "ɗana, kun gama? Ina so in kwanta." Shi ke nan abin da ta faɗa. Muka yi addu'a sama-sama muka fito, ko a hanya ba wanda ya yi wa wani magana.

Sauran gida biyun sun tafi lafiya lau wai, amma yanzu ina shakka ko kara kawai suka yi mana.

Laraba, 16 ga Oktoba

Mitin na daren yau ya yi zafi kuma ni na sha shi. Akwai Mama ɗaya a cikinmu, tsohuwar nas ce ta yi ritaya, da na ba da labarin ranar Asabar sai ta cire tabarau ta ce in buɗe Karin Magana 25:20 in karanta da ƙarfi. Na karanta. Ayar tana kwatanta mai rera wa mai baƙin ciki waƙa da wanda ya tuɓe wa mutum riga ranar sanyi. Gaskiya ban taɓa lura da ayar nan ba, kamar jiya aka sa ta dan ni. Ta ce "kai ka je ka ba ta farin ciki ne ko ka je ka sauke nauyin da ke kanka?" Ban ba ta amsa ba dan ta san amsar.

Daga nan muka koma Ayuba, abin da ban yi niyya ba sam. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, da suka zo suka ga halin da yake ciki sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana ba wanda ya ce uffan, wannan a sura 2 aya 13 yake. Mama nas ta ce duk littafin nan mai sura 42 wannan satin ne kaɗai suka yi aikin kirki, daga sura 4 da Elifaz ya buɗe baki komai ya lalace, sun yi ta bayani suna kare Allah suna neman laifin Ayuba har a sura 16 ya ce musu ta'aziyyarsu wahala ce kawai, kuma a ƙarshe, 42:7, Allah da kansa ya ce ya yi fushi da su. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin maganarsu in ka cire ta ita kaɗai kamar wa'azi mai kyau ce, irin wadda za a ce amin a coci. Filibiyawa 4:4 ma ai gaskiya ce, ban yi ƙarya ba, amma na jefe ta da ita ne. Kuma Bulus shi ne a cikin sarƙar yana faɗa wa na waje su yi murna, ni kuma ina waje da ƙoshin lafiya da 'ya'yana duka a raye ina faɗa wa wadda take ciki. Ba ɗaya ba ne.

Mun yaga firogiram ɗina. Sabon tsari: a shiga a gaisa a zauna, kar a buɗe Littafi sai an tambayi mai gida ko yana so, kar a ce "na san yadda kike ji", kar a faɗi dalilin da ya sa Allah ya bar abu ya faru tunda ba mu sani ba, kuma gida ɗaya ko biyu a rana ya isa. Mutum biyun da suka je gida su ne za su riƙa komawa, ba a canja fuska kowane sati.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na koma wajen Maman nan, wannan karon da Mama nas. Tun daga ƙofa gabana yake faɗuwa. Na durƙusa na ce Mama na zo neman gafara ne, ranar nan mun yi miki surutu. Ta daɗe tana kallona sannan ta ce in tashi in zauna. Mun yi kusan minti ashirin ba magana, ni dai kamar in tashi in gudu, shiru yana da nauyi ashe, ita kuwa Mama nas ko a jikinta. Can sai ta tambaye ta sunan yaron, wai me kuke kiransa a gida. Shi ke nan bakin ya buɗe. Ta ce tun bayan jana'iza ba wanda yake ambaton sunansa a gabanta, kowa yana tsoron kar ta yi kuka, ita kuma ji take kamar ana share shi daga duniya karo na biyu. Ta ɗauko hotuna, ta nuna mana takalminsa da har yanzu yake bayan ƙofa, ta yi kuka, Mama nas ta yi, ni ma ban san lokacin da nawa ya zubo ba.

A hanyar dawowa na tuna Yohanna 11. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, Yesu ya san sarai zai tashe shi nan da ɗan lokaci, amma duk da haka aya 35 ta ce ya yi kuka. Wanda yake da amsar a hannu ma bai yi gaggawar hana mutane kuka ba, balle ni.

Da za mu tafi ta ce "za ku dawo?" Wannan tambayar ce na rubuta a bangon littafin nan.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Baba na layi na uku. Hannun dama da ƙafar dama ba sa aiki, magana kuma ta kakkarye, zai fara kalma ta tsaya masa a baki sai ya buga katifa dan haushi. 'Yarsa ce take kula da shi. Mun zauna muna ta ƙoƙarin gane abin da yake nufi, can ƙanina na kwaya ya fara rera wata tsohuwar waƙar sujada a hankali ba da niyyar komai ba, sai ga Baba ya kama, baiti guda cur, kalmomi suna fita tiryan-tiryan. 'Yar ta fito da gudu da ruwa a hannunta. Mama nas ta yi mana bayani daga baya cewa abu ne da aka sani a asibiti, in bugun ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa inda magana take, wanda kuma shi ke juya gefen dama na jiki, sau da yawa waƙar da mutum ya daɗe da sani tana nan ba ta tafi ba, har masu gyaran magana suna amfani da ita. To ka ga, waƙar da ta zama tuɓe riga a wancan gidan ita ce magani a wannan. Ba mu da dokar da za ta yi wa kowa sai dai mu riƙa kallo.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Rigima ta farko. Ɗaya daga cikin matasan da suka shigo mana kwanan nan, yanzu mu tara ne, ya ɗauki hoton wata tsohuwa a kan gadonta ya sa a Facebook da rubutun cewa muna kai bege ga marasa bege. Mutane sun yi ta danna so suna Allah ya yi albarka, amma jikanta ya gani ya kira fasto ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya, wa ya ce kakarsa mara bege ce? Yaron ya ce shi dan a ƙarfafa wasu su shigo ya yi, na yarda da niyyarsa, amma matar ba ta san an ɗauke ta ba, ko ɗankwali babu a kanta. Matiyu 6:3 ai ba ta da wuyar ganewa, kar hagu ta san abin da dama take yi. An cire hoton, mun je mun ba da haƙuri, doka kuma yanzu waya tana aljihu daga ƙofa. Shi ya sa ma a nan ba na sa sunan kowa.

Yaron ya yi fushi ya fita daga guruf, bayan kwana biyu ya dawo da kansa.

Asabar, 14 ga Disamba

Wannan ce ziyarar da ta fi tsaya min a rai zuwa yanzu, bari in ɗan tsawaita.

Akwai wata Kaka da idonta ya tafi shekaru da dama, da can ita ke koyar da yara a makarantar Lahadi, rabin dattawan cocinmu ta hannunta suka bi. Babban abin da ke damunta ba ciwo ba ne, rashin karatu ne, ta ce jikokinta in sun karanta mata gudu suke kamar ana binsu. Sai muka kawo shawarar mu yi mata rikodin da muryoyinmu a waya mu zuba a katin memori, mu sa a ƙaramar rediyo mai cin kati wadda maɓallanta manya ne za ta iya lalubawa. Na tambaye ta wace Zabura za mu fara da ita, ni a raina na riga na gama cewa 23 ce ko 91 ko 121, waɗanda kowa yake so. Ta ce 88.

Na ce Kaka 88? Dan na san ta, Zabura ce da mai ita yake kuka tun aya ta farko har ta 18 ba sauƙi ko kaɗan, sauran zaburan kuka irin su 13 da take ta tambayar har yaushe, a ƙarshe sukan juyo su yi yabo, amma 88 ba ta juyowa, da duhu take rufewa, mutumin ya ce abokansa duk an nisanta su da shi duhu ne ya rage masa. Ta yi dariya ta ce "ɗana, ni ai a duhun nake zaune, ina so in ji cewa akwai wanda ya yi wa Allah magana daga can kuma ba a cire maganarsa daga Littafin ba." Ta ce ka duba da kyau, duk kukan nan wa yake yi wa? Ai Allah yake yi wa, ya kira shi Allah na cetona tun a farko, wanda ya fid da rai ba ya ɓata bakinsa.

Na yi shiru. Shekara nawa ina zuwa binciken Littafi ban taɓa jin wanda ya buɗe min ita haka ba. Ni na zo da bege a aljihu kamar kaya zan ba ta, ashe ita take da irin wanda ya sha wuya bai mutu ba, nawa kuwa ba a taɓa gwada shi sosai ba. Kuma mace ce mai barkwanci fa, kar wani ya ɗauka zaune take tana baƙin rai, ta kwaikwayi yadda wani dattijonmu yake kuka yana yaro in an hana shi riƙe tutar yara, muka yi dariya har cikina ya ƙulle. Mutum ɗaya, Zabura 88 da dariya, duka a awa ɗaya.

Mun yi rikodin Zabura guda goma sha biyu da Bisharar Markus gaba ɗaya tunda ita ce gajera, mai sura 16. Matsala ɗaya, fayil ɗin suna hawa a hargitse, sai da muka sa lamba 01, 02 a gaban kowane suna kafin rediyon ya bi su a jere. Wanda zai yi irin wannan ya lura da haka, kuma a karanta a hankali fiye da yadda kake zato.

Alhamis, 26 ga Disamba

Mun yanke shawara tun farkon wata cewa ba za mu tafi hutun Kirsimeti ba, dan lokacin da kowa ke murna shi ne lokacin da wanda aka yi wa rashi ya fi jin ramin. Fasto ya bi mu gida biyar ya ba da jibin Ubangiji, wasu sun fi shekara ba su karɓa ba. Baba na layi na uku da aka gama, sai da ya yi ta fama da bakinsa sannan amin ta fito, a makare, amma ta fito.

Na tafi da 'yata 'yar shekara biyar gidan Maman da ta rasa ɗanta dan ba wanda zan bar wa ita, ina ta fargaba. Yarinyar ta ga takalmin bayan ƙofa ta zura ƙafafunta ciki tana ja tana yawo, na miƙe zan kwace Mama ta riƙe hannuna. Tana dariya tana hawaye ta ce haka yake yi da na babansa. Wannan ce dariyarta ta farko da na gani, kuma ba mu muka kawo ta ba.

Asabar, 18 ga Janairu 2025

Ban je ko'ina ba yau, satin da ya wuce ma ban je ba. Bari in faɗi gaskiya tunda littafin gaskiya ne. Na gaji. Mutum biyu sun janye, ɗaya aiki ɗaya kuma shiru kawai, lis ɗin kuma ya ƙaru zuwa 24 dan mutane sun ji labari suna kawo sunaye. Akwai wani dattijo da kowace ziyara ƙorafi ɗaya yake maimaitawa a kan 'ya'yansa, awa biyu, in ka fito kamar an zuƙe maka jini. Na fara jin haushin mutanen da nake cewa ina ƙauna, addu'a ma ta zama kamar karanta takarda.

Na faɗa wa Mama nas ina jiran faɗa, sai ta ce in je in yi barci. Ta tuna min Iliya a 1 Sarakuna 19, bayan babbar nasara a dutsen Karmel ya gudu daga Yezebel ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, ya tashe shi ya ci ya sha ya sake kwanciya, har sau biyu, sai daga baya a Horeb aka yi maganar. Kuma da ya ce shi kaɗai ya rage an gaya masa akwai dubu bakwai, aka kuma haɗa shi da Elisha. Ta ƙara min da Mama Teresa ta Kalkata, wadda ta rasu a 1997, da aka buga wasiƙunta a 2007 sai duniya ta ga ta yi shekaru masu yawa tana jin kamar Allah ya yi nisa, amma ba ta daina wanke marasa lafiya ba. Ban ce na kai ƙurar ƙafarta ba, sai dai na samu sauƙi da jin cewa rashin jin daɗi a zuciya ba shi ne alamar aikin ya mutu ba.

Gyara: kowa yana da Asabar ɗaya a wata ta hutu, dole ba roƙo ba. Dattijo mai ƙorafi kuma an sa masa awa ɗaya, an faɗa masa tun daga shiga cikin ladabi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wata huɗu muna shiga gidan Baba muna wuce 'yarsa a ƙofa da "sannu da ƙoƙari", ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ta ita ya take. Yau wata 'yar'uwa a cikinmu ta bi ta ɗakin girki, ashe tun da abin ya faru ba ta yi barcin dare cikakke ba, juya shi take duk bayan 'yan awanni dan kar bayansa ya yi gyambo, ta bar aikinta, coci ma ita ma ta daina zuwa amma ba ta cikin lis ɗinmu dan ba mu ɗauke ta mai bukata ba. Yaƙub 2:15-16 ta zo min, wanda yake cewa ɗan'uwa ya tafi lafiya ya ji ɗumi ya ƙoshi alhali bai ba shi komai ba. Sannu da ƙoƙarin nan tamu ita ce wannan ɗin sak. Yanzu Laraba da Asabar mutum biyu za su zauna da Baba awa huɗu, ita ta yi barci ko ta fita ko ta yi abin da ta ga dama, Mama nas ta koya mana yadda ake juya shi ba a ja hannun da ya shanye ba.

A nan muka gano maƙwabciyarsu, wadda ba Kirista ba ce, ita ke shigowa kullum da safe tana taimakawa da wanki tun kafin mu san hanyar gidan. Mijinta ma yana kwance. Aka ɗan yi gardama a mitin ko aikinmu ya shafe su, wani ya ce in za mu je sai da bishara a baki. Fasto ya ba mu tarihi kaɗan, ya ce lokacin wata babbar annoba a daular Roma wajen shekara ta 250 zuwa 260 Diyonisiyus bishop na Iskandariya ya rubuta yadda masu bi suka tsaya jinyar marasa lafiya har da yawansu suka kamu suka mutu, sannan a 362 sarki Juliyan, wanda ya bar bangaskiya yana so ya dawo da bautar gumaka, ya rubuta wasiƙa yana ƙorafin cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba nasu ba. Ra'ayina dai, mu je in sun yarda, ba sharaɗi, in an tambaye mu dalili mu faɗa ba ɓoye-ɓoye, in ba a tambaya ba mu yi abin da ya kai mu. Taimakon da aka ɗaura wa ƙugiya mutum yana jin ƙugiyar. Ba kowa ya gamsu ba amma an bar shi a haka, mun je sau ɗaya, sun karɓe mu da mutunci.

Litinin, 10 ga Maris

Baba na layi na uku ya koma gida wajen Ubangiji daren Juma'a. Ranar Laraba ta ƙarshe ƙanina ya rera masa waƙar nan, bai iya bi ba amma yatsunsa na hagu suna bugawa a kan bargo. A jana'iza an karanta 1 Tasalonikawa 4:13, na lura a karon farko cewa ba a hana baƙin ciki a ayar ba, an ce dai kar ya zama irin na marasa bege.

Ban goge sunansa daga lis ba, na sa na 'yarsa a ƙarƙashi. Bayan sati biyu mutane za su watse, lokacin ne namu zai fara.

Asabar, 19 ga Afrilu

Jiya aka tuna da gicciye, gobe Ista, yau ranar tsakiya ce da ba a cika wa'azi a kanta ba. Kaka ta sa an kira ni wai rediyonta ya daina magana, na je na ga katin ne ya goce, na mayar. Ta riƙe ni da hira a kan Luka 24, mutum biyun da suke tafiya Imuwasu, tafiyar wajen kilomita 11 daga Urushalima, ta ce ka lura Yesu da ya same su tambaya ya fara yi, ya bar su suka zazzage duk abin da ke cikinsu har da cewa da sun sa rai shi ne zai fanshi Isra'ila, ya yi ta tafiya da su tukuna kafin ya buɗe musu Littattafai. Na ce Kaka da kin faɗa min wannan a Oktoba ai da ban sha kunya ba. Ta ce da ba ka ji ba.

Tana son Ishaya daga sura 40 zuwa gaba, kuma ta ce muryata tana da gudu, a ba yarinyar nan mai sanyin murya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Maman da ta ce mana "kun gama?" ta zo coci ranar Ista, ta zauna can baya ta fita kafin a tashi, ban bi ta ba. Ranar Talata ta kira ni da kanta ta ce ta ji an yi wa wata matashiya rashi, jaririnta, ko za mu je da ita. Yau muka je. Ni a waje na tsaya da mijin, wanda shi ma ba wanda yake tambayarsa komai sai ina matarka ya jikinta, muka zauna a kan benci muna kallon hanya, ya ce min sunan da suka sa wa yaron. Su kuma sun yi awa biyu da rabi a ciki, ban san me suka faɗa ba kuma ban tambaya ba. Da ta fito idonta ja, ta ce min Asabar mai zuwa ma a zo a ɗauke ta, kuma in an sake kawo waƙar tafi gidan nan ita da ni ne.

Inda muke yanzu: mu goma sha ɗaya har da ita, gidaje 26, rediyo huɗu suna aiki ɗaya cajinsa ya lalace. Maza sun yi mana kaɗan, akwai dattawa uku da ba sa sakin jiki da mata kuma ni da ƙanina ba za mu iya su duka ba, zan yi sanarwa gobe bayan sujada. Rikodin Ishaya ranar Alhamis da yamma in an samu ɗaki mara hayaniya. Dattijo mai ƙorafi ya tambaya ko awa ɗayan nan za a iya mayar da ita ɗaya da rabi, mitin na Laraba zai duba.